Charley Lau: Kocin da Ya Koyar da Bugun da Shi Kansa Bai Ƙware a Kai Ba

A wasan besbol, mai jifa yana tsayawa ne kan wani ɗan tudu, tazarar mita 18 da 'yan kai tsakaninsa da mai bugu. In ya saki ƙwallo da gudun kilomita 145 a awa, kafin rabin daƙiƙa ta cika ta riga ta iso. A wannan ɗan tsakanin ne mai bugu zai gane ko ƙwallon miƙewa za ta yi ko lanƙwasa, ya yanke shawarar bugawa ko ƙyalewa, sannan ya haɗa kulki mulmulalle da ƙwallo mulmulalliya. In ya buga sai ya ruga. Zango huɗu ne a filin, na huɗun shi ne gida, kuma duk wanda ya kewayo ya taka gida ƙungiyarsa ta ci maki ɗaya. In kuwa ƙwallon ta tsallake katangar ƙarshen fili, da shi da duk abokansa da ke kan zango sai su taho gida a tsanake.

Ana auna mai bugu da yawan bugunsa mai ci, wato bugun da ya kai shi zango ba a fitar da shi ba, a cikin kowace dama 1,000. Wanda ya samu 300, ana rubuta masa .300, kuma gwani ne. Wato wanda ya faɗi sau bakwai cikin goma shi ake tafa wa. Mai .250 ɗan tsaka-tsaki ne, mai .200 kuwa ya fara haɗa kayansa.

Charley Lau ɗan tsaka-tsaki ne. An haife shi a garin Romulus na jihar Michigan a 1933, ya shiga babbar gasar besbol ta Amurka a 1956 da ƙungiyar Detroit Tigers, ya ƙare a 1967 da ma'aunin .255, ya tsallake katanga sau 16 kacal a duk rayuwarsa ta wasa. Akwai 'yan wasan da ke yin wannan adadin a wata biyu. Duk da haka, har yau in ana lissafin kocin bugu a Amurka, sunansa na cikin na farko da ake kawowa. Yadda aka yi haka, da kuma yadda ƙungiya ɗaya ta sallame shi har sau biyu alhali almajiransa na kan ganiyarsu, shi ne abin dubawa.

Mai tsugune a bayan faranti

Aikin Lau a fili shi ne cafe ƙwallo. Mai cafewa yana tsugune ne a bayan mai bugu da faranti, wato alamar gida da mai bugu ke tsayawa a gefenta, shi yake yi wa mai jifa alama da yatsu kan irin jifar da zai yi. Saboda haka abincinsa ya dogara ga gano raunin kowane mai bugu: wane ne ke saurin zabura, wane ne ke janye kai, wa ba ya iya kai kulki ga ƙwallon da ta bi ta nesa da jikinsa. Babu wanda ke kallon ƙafa da ƙugu da hannun mai bugu daga kurkusa kamarsa. Lau ya san wannan aikin. Shi ne a bayan faranti ranar 28 ga Afrilu 1961, lokacin da Warren Spahn na Milwaukee Braves, yana ɗan shekara 40, ya yi wasa cikakke ba tare da ya bari ko mutum ɗaya na San Francisco Giants ya samu bugu mai ci ba.

Amma nasa bugun ya ƙi. Daga Detroit zuwa Milwaukee ma'auninsa na ta yawo a ƙasa, har aka miƙa shi Baltimore Orioles a 1961. A can ne ya yi wa kansa tiyata. Ya buɗe ƙafafu, ya kwantar da kulkin kusan a miƙe maimakon ɗaga shi sama, ya haƙura da neman katanga, ya koma neman haɗuwa da ƙwallo kawai. A 1962 ya buga .294. A wani wasa na watan Yulin shekarar ya yi bugun da ya kai shi zango na biyu har sau huɗu. Ciwon gwiwar hannu ya taƙaita shi daga baya, ya zama ɗan benci da ake kira sau ɗaya a wasa in an matsu. Zaman bencin ma kallo ya ƙara masa.

Abin da ya bambanta shi da taurari ke nan. Tauraro jikinsa ne ya san abin da yake yi, sau da yawa bakinsa bai sani ba. Lau kuwa duk abin da ya iya sai da ya warware shi gaɓa-gaɓa kafin ya same shi, don haka yana iya faɗa wa wani.

Baltimore da Oakland: shekara ɗaya-ɗaya

Bayan ya ajiye kulki ya yi kakar 1968 yana jagorantar ƙaramar ƙungiyar Braves a Shreveport. A cikin yaransa akwai wani mai cafewa, Walt Hriniak, wanda sunansa zai sake fitowa. A 1969 ya koma Baltimore cikin masu taimaka wa manaja Earl Weaver. Mark Belanger, wanda kowa ya san shi da iya tsare fili da rashin iya bugu, ya tashi daga .208 zuwa .287 a wannan shekarar. Da Lau ya tafi, ya koma .218.

Alƙaluman suna da daɗin faɗa, sai dai akwai abin da ya kamata a ajiye a gefensu. Shekarar 1968 masu jifa suka mamaye wasan, har Carl Yastrzemski ya zama zakaran bugu na American League, ɗaya daga ɓangarori biyu na babbar gasa, da .301 kawai. Don haka a 1969 hukumar wasan ta rage tsayin tudun jifa daga inci 15 zuwa 10, ta matse yankin da jifa ke ƙirguwa, aka kuma ƙara sababbin ƙungiyoyi huɗu, abin da ya shigo da masu jifa da dama da ba su gama nuna ba. Bugu ya tashi a ko'ina. Wane kaso na tashin Belanger ne na Lau, wane ne na tudun da aka rage? Wannan tambayar ita ce ciwon kan sana'ar gaba ɗaya, domin koci ba ya riƙe kulki, da hannun wani ake auna shi.

Shaidar Oakland ta fi ƙarfi. A 1968 da 1969 ƙungiyar tana da Joe DiMaggio cikin masu horarwa, mutumin da ya yi wasa 56 a jere yana samun bugu mai ci a 1941, bajintar da har yau ba a kamo ba. A waɗannan shekaru biyun matashi Joe Rudi ya buga .177 da .189. DiMaggio ya taimake shi ƙwarai wajen tsaron fili, wannan Rudi bai taɓa ɓoyewa ba. Amma da Lau ya zo a 1970 ya sa shi ya ranƙwafa, ya matso da riƙonsa sama kaɗan a jikin kulki, ya taƙaita lilon hannunsa, sai ga .309. Rudi ya zama ɗaya daga ginshiƙan ƙungiyar da ta ci kofin World Series, wato wasan ƙarshe na fitar da zakaran babbar gasa, a 1972 da 1973 da 1974. Lau bai ga ko ɗaya a cikinsu daga bencin Oakland ba, don tun 1971 ya koma Kansas City Royals.

Abin da yake koyarwa

Koyarwar da ta fi yawa a lokacin ita ce: ka dasa ƙafar baya, ka juya ƙugu, ka murɗa wuyan hannu, ka ja ƙwallon zuwa ɓangarenka da ƙarfi. Lau ya zauna da majigi yana kallon finafinan manyan masu bugu hoto bayan hoto, yana tsayarwa yana mayarwa baya, ya ga abin da suke yi ya sha bamban da abin da suke cewa suna yi. A lokacin da kulki ke haɗuwa da ƙwallo, nauyin yawancinsu ya riga ya koma ƙafar gaba, wasu ma ƙafar bayan ta ɗaga daga ƙasa. Hannuwansu a miƙe suke bayan haɗuwar, kansu a sunkuye.

Daga nan ya tsara ƙa'idoji goma da ya ce duk gwanin bugu yana bin su, ko ya sani ko bai sani ba. Daga baya ya zuba su cikin littafin da ya fitar a 1980. Gundarinsu bai da wuyar faɗa. Kada mai bugu ya tsaya ƙiƙam yana jira, ya riƙa ɗan motsi, saboda jikin da ya sandare ba ya saurin tashi. Ya fara tara nauyinsa a ƙafar baya, sannan ya tura shi gaba zuwa ga mai jifa, ya sauke shi kan ƙafar gaba da ta tsaya da ƙarfi, yatsunta ba su buɗe waje ba. Kulki ya kasance a wurin tashi kafin ƙafar ta taɓa ƙasa. Kada ya damƙe kulkin kamar zai fasa shi. Ya sunkuyar da kai kan ƙwallon har bayan bugu. Kuma filin nan duka nasa ne: ƙwallon da ta zo ta nesa da jiki a tura ta ɗaya ɓangaren, kada a nace sai an jawo ta. Wanda ya taɓa kallon mai faskare ya san zancen nauyin nan, don ba damtse ke tsaga icen ba, jiki ne gaba ɗaya ke bin gatarin.

Abin da ido ya fi kamawa, kuma wanda aka fi yi wa ba'a, shi ne sakin hannu. Almajiran Lau da yawa suna sakin hannun sama daga kulki bayan sun buga, su ƙarasa lilon da hannu ɗaya can sama. Masu suka sun ce wannan zubar da ƙarfi ne. Lau ya ce ƙwallon ta riga ta tafi kafin a saki hannun, kuma sakin ne ke bai wa hannun gaba damar miƙewa sosai, ya hana hannun sama murɗe kulkin da wuri. Sakin hannun ma ba ya cikin ƙa'idojin goma. Dabara ce ta kai mutum ga miƙewar, amma ita mutane suka riƙe.

Kansas City

A 1973 abubuwa biyu suka faru da suka dace da koyarwarsa. Royals suka tare a sabon filinsu, mai faɗin gaske, an shimfiɗe shi da ciyawar roba. Katangarsa na da nisa, ƙwallon da za ta tsallake a wani filin a nan hannun mai tsaro take faɗawa. Amma ƙwallon da aka buga a miƙe ƙasa-ƙasa, in ta taɓa robar nan sai ta zura da gudu ta ratsa tsakanin masu tsaro har katanga. A shekarar ce kuma American League ta fara barin ƙungiya ta sa mutum ɗaya wanda bugu kawai zai yi, ba ya fita tsaron fili.

Wannan gurbin ne ya ceci Hal McRae. Ya zo daga Cincinnati Reds da ƙafar da ta taɓa karyewa a wasan hunturu a Puerto Rico, yana ta ƙoƙarin jan kowace ƙwallo zuwa katanga. Kakarsa ta farko a Kansas City .234 ya samu. Ya miƙa kansa ga Lau, a 1974 ya buga .310, kuma ya ci gaba da wasa a ƙungiyar har 1987.

Sai George Brett. An ɗauko shi a 1971, ya yi kaka uku a ƙananan ƙungiyoyi bai kai .300 ko sau ɗaya ba. Da aka ɗan gwada shi a babbar gasa a 1973, bugu biyar ya samu cikin dama 40. Yana kwaikwayon Yastrzemski ne, kulki a ɗage can sama da kai, yana jiran ya ja ƙwallo dama da ƙarfin da ba shi da shi. A 1974 ya yi watanni ma'auninsa bai kai .250 ba. Lau bai yi masa magana da wuri ba. Ya bar shi ya sha wuya tukuna, domin ɗan wasan da ke ganin hanyarsa na ɓullewa ba ya sauraron kowa. Da yaron ya gaji, sai suka fara fitowa fili da rana kafin sauran su iso, kullum. Lau ya sauko masa da kulkin kusa da kafaɗa, ya ja shi baya daga faranti, ya jingina nauyinsa a ƙafar baya, ya hana shi jan ƙwallo, ya ce ya riƙa auna tsakiyar fili da ɓangaren hagu. Brett ya ƙare kakar da .282.

Kwanaki kaɗan kafin kakar ta ƙare aka cire Lau daga babbar ƙungiyar aka tura shi koyar da yara a ƙananan ƙungiyoyi. Ba su jitu da manaja Jack McKeon ba. Ba sai an yi dogon bincike ba: 'yan wasa sun fi zuwa wurin Lau da damuwarsu fiye da ofishin manaja, kuma ba a sarki biyu a gari ɗaya. 'Yan wasan suka fusata, suka faɗa a fili, dangantakarsu da McKeon ba ta sake gyaruwa ba. A watan Yulin 1975 aka sallami McKeon, aka kawo Whitey Herzog, shi kuma ya dawo da Lau.

Brett ya buga .308 a 1975. A 1976 takarar zakaran bugu ta kai har ranar ƙarshe, kuma mutum biyun da ke gaba duk almajiran Lau ne, suna bin juna a jerin masu bugu na ƙungiya ɗaya. A damarsa ta ƙarshe Brett ya ɗaga ƙwallo hagu, mai tsaron Minnesota Twins, Steve Brye, ya tsaya cak, ƙwallon ta faɗi gabansa ta yi tsalle ta wuce kansa, Brett ya kewayo har gida. McRae ya biyo baya aka fitar da shi. Brett .333, McRae .332, Rod Carew na Twins .331. McRae, wanda baƙar fata ne, ya fito yana nuna bencin Twins, ya zargi manajansu Gene Mauch da sa a bar ƙwallon ta faɗi don farar fata ya ci. Mauch ya musanta. Abin bai raba Brett da McRae ba, kuma Brett ya sha faɗin cewa daga McRae ya koyi yadda ake wasa da zafi.

Royals suka ci rukuninsu a 1976 da 1977 da 1978, suka yi nasara a wasa 102 cikin 162 a 1977. Duk sau ukun Yankees ta Niyok ce ta tare su a matakin kusa da ƙarshe. Bayan faɗuwa ta uku, Herzog, wanda ya dawo da Lau da hannunsa, shi ya sallame shi.

Ƙarar da aka shigar

Hujjar Herzog da masu ra'ayinsa ita ce Lau riga ɗaya yake ɗinka wa kowa, kuma yana mai da masu ƙarfi masu tura ƙwallo. Misalin da ake kawowa shi ne John Mayberry, ƙaton da ya tsallake katanga sau 34 a 1975, sai ya sauko 13 a 1976. Ƙungiyar gaba ɗayanta sau 65 ta tsallake katanga a 1976. Wanda ya sha kashi sau uku a hannun Yankees, masu ƙarfafan 'yan bugu irin su Reggie Jackson da Graig Nettles, dole ya yi sha'awar bugu ɗaya da ke kawo maki uku.

Babban mai adawa da shi a fagen ilimi kuwa Ted Williams ne, mutum na ƙarshe da ya haura .400 a kakar wasa ta American League, da .406 a 1941. Williams ya yarda ƙugu ne ke jan bugu, kulki kuma ya ɗan tashi sama don ya tari ƙwallon da ke gangarowa daga tudu. Bai ɓoye ƙyamarsa ga sakin hannu da sunkuyar da kai ba. Kuma ba za a ce masa tauraron da bai iya koyarwa ba, domin da ya karɓi Washington Senators a 1969 kusan duk masu bugunsa sun ɗaga, ko da yake shi ma shekarar rage tudun ce.

A ganina ƙarar tana da rabin gaskiya. Lau mutum ne mai tsari, mai tsari kuma yakan ga kowa ta tagar tsarinsa. Akwai 'yan wasan da gyaransa ya rikita. Amma cewa hanyarsa na kashe ƙarfi, abin da ya biyo baya bai goyi bayan haka ba. A 1977, da Lau ɗin a benci, Royals sun tsallake katanga sau 146. Faɗin filinsu ya fi Lau laifi a wannan lissafin.

Yankees ba su ɓata lokaci ba, suka ɗauke shi a 1979. A can ya tarar da Lou Piniella, tsohon almajirinsa na Kansas City, ya kuma samu Reggie Jackson, mai bugun ko a mutu ko a yi rai, wanda ya ƙare wasa da tarihin yawan fita ta hanyar kuskuren jifa uku, sau 2,597. A 1980 Jackson ya buga .300 cif, karo ɗaya tilo a shekaru 21 da ya yi yana wasa, kuma ya tsallake katanga sau 41, babu wanda ya fi shi a gasar. Ma'auni ya tashi, ƙarfi bai ragu ba.

A wannan shekarar ce Brett ya buga .390, yana kan .400 har bayan tsakiyar Satumba, ya kawo maki 118 a wasa 117. Royals da Yankees suka sake haɗuwa a watan Oktoba. Ranar 10 ga wata, a filin Yankees, Royals na baya da 2 da 1 a zagaye na bakwai cikin tara, mutum biyu na kan zango, Goose Gossage ya sako jifarsa mai gudun tsiya, Brett ya tsallakar da ita katanga har bene na sama na 'yan kallo. Royals suka ci 4 da 2, suka share Yankees wasa uku a jere, suka je World Series karon farko. Lau na zaune a bencin waɗanda aka fitar, yana kallon bugun da shi ya gina.

Shikago

A 1982 ya koma White Sox ta Shikago ƙarƙashin Tony La Russa, da kwantiragin shekaru masu yawa, abin da ba a saba yi wa mataimakin koci ba a lokacin, don yawancinsu shekara-shekara ake sabunta musu. A 1983 ƙungiyar ta ci wasa 99, ta ba ta biyu a rukuninta ratar wasa 20, ta tara maki 800, fiye da kowa a babbar gasa. Ron Kittle ya tsallake katanga sau 35 a cikakkiyar kakarsa ta farko, Greg Luzinski 32, Carlton Fisk 26, ga matashi Harold Baines na tasowa. Da aka zo matakin kusa da ƙarshe kuma, Baltimore ta riƙe su a maki uku cikin wasa huɗu. Haka aikin yake, wata shida na gini, kwana huɗu su shafe shi a idon 'yan kallo.

Lau ya yi wani ɓangare na wannan kakar ba cikin rigar wasa ba. Akwai iyakar yawan masu horarwa da ƙungiya za ta sa a jerin da ake lissafa wa kwanakin fansho. Wani ma'aikacin ƙungiyar mai farautar 'yan wasa, Loren Babe, yana fama da ciwon daji, kuma saura masa kaɗan ya cika kwanakin da ake bukata. Lau ya sauka daga gurbinsa ya ba shi, ya ci gaba da koyarwa kafin wasa ba tare da zama a benci ba. Ba a jima ba aka gano shi ma yana da ciwon dajin hanji. Babe ya rasu a Fabrairun 1984, Lau ya bi shi ranar 18 ga Maris a jihar Florida, yana da shekara 50.

Hriniak da abin da ya biyo baya

Walt Hriniak, yaron nan na Shreveport, wasa 47 kawai ya yi a babbar gasa. Bugunsa mai ci 25 ne, babu ko ɗaya da ya wuce zangon farko. Shi ya ɗauki koyarwar Lau zuwa Boston Red Sox, wato har cikin gidan Ted Williams, ƙungiyar da ya yi wa wasa, inda tsohon yakan zo atisayen bazara yana ganin yara na sakin hannu yana ɓata rai. Wade Boggs, wanda ya zama zakaran bugu sau biyar, da Dwight Evans da Rich Gedman duk sun yi aiki da shi. A 1989 ya koma White Sox, aka ba shi lamba 6 ta Lau, wadda ƙungiyar ba ta ƙara bai wa kowa ba in ba shi ba. A can ya samu Frank Thomas, gwarzon ɗan wasan gasar na 1993 da 1994, mai sakin hannun sama ƙarara. Thomas ya ƙare da ma'aunin .301, ya tsallake katanga sau 521. Adadin Ted Williams ke nan daidai, ba ƙari ba ragi.

Muhawarar ba ta mutu ba, juyawa ta yi. Daga 2015, da aka girka na'urorin da ke auna gudun ƙwallo da kusurwar tashinta a dukkan filayen babbar gasa, ra'ayin Williams na ɗaga ƙwallo sama ya dawo da ƙarfi, tura ƙwallo ɗaya ɓangaren ya ja baya, masu .300 suka yi ƙaranci. Ta fuskar dabara za a iya cewa zamani ya karkata ga Williams. Ta fuskar wanda ake ɗauka aiki kuwa hanyar Lau aka bi, ta mai kallon hoto yana warware motsi. A ƙarshen 2018 Los Angeles Dodgers suka naɗa Robert Van Scoyoc kocin bugu, mutumin da bai taɓa buga wasan ƙwararru ba ko a ƙaramar ƙungiya. Sunansa ya fito ne daga gyaran da shi da Craig Wallenbrock suka yi wa J.D. Martinez, wanda Houston Astros suka sallama a farkon 2014 kafin ya zama ɗaya daga manyan masu bugu na zamaninsa. Ƙungiyoyi da yawa yanzu mutum biyu ko uku suke sawa a aikin da Lau ke yi shi kaɗai.

Kujerar dai ba ta daina zafi ba. In bugu ya tsaya, ba a iya korar 'yan wasa tara masu kwantiragin miliyoyin daloli, kocin bugu ake fara nuna wa ƙofa. Taurari ma da suka gwada ba su daɗe ba. Barry Bonds, mai tarihin tsallake katanga sau 762, kaka ɗaya ya yi a Miami Marlins a 2016 aka sallame shi. McRae ya fi su jimawa, ya riƙe aikin a ƙungiyoyi da dama, yana kocin bugu na St. Louis Cardinals lokacin da suka ci kofi a 2006. Brett kuwa, da ya ajiye kulki a 1993 da bugu mai ci 3,154 da kambin zakaran bugu na 1976 da 1980 da 1990, Royals sun roƙe shi ya karɓi aikin na riƙon ƙwarya a ƙarshen Mayun 2013, lokacin da bugunsu ya durƙushe. Kafin Yuli ya ƙare ya miƙa wa mataimakinsa Pedro Grifol, ya koma kujerarsa ta ofis.